Trefor Kafet da Yatsansa

Trefor Prydderch ya dawo Brynhelyg a watan Afrilu, da farar mota cike da guntayen kafet, da tumbi, da irin muryar mutumin da ya shekara arba'in yana sayar wa mutane abin da ba shi suka zo saya ba. Yana ɗan shekara shida iyayensa suka tafi da shi Birmingham. Yana da sittin da biyu ya dawo, ya sayi gidan da ke manne da na gwaggonsa Dilys, ya shimfiɗa kafet har cikin banɗaki. Mako bai zagayo ba sunansa ya koma Trefor Kafet, don a garinmu ba a barin mutum da sunan da uwarsa ta raɗa masa kawai.

Ni sunana Nesta. Gidana yana kallon nasa, kuma ni ce sakatariyar kwamitin baje kolin dabbobi na garin, shekara goma sha tara ke nan. Yawancin abin da zan faɗa da idona na gani. Sauran kuwa a shagon Caradog mahauci na ji, wanda a nan garin ya fi gani da ido ƙarfi.

Kalmomin yarenmu na Wales, Trefor yana da su ba laifi. Da shi uwarsa ta riƙa yi masa faɗa har ta koma ga Allah, saboda haka ya san sunan komai na kicin da sunan duk wata ɓarna da yaro zai iya yi. Abin da ya rasa shi ne yadda ake ɗaura kalma da kalma su zama magana. Shi dai bai ga ya rasa komai ba. Duk wanda ya tare a hanya sai ya daki ƙirji ya gaya masa, da Turanci, cewa yaren a jininsa yake, jira kawai yake a taɓa shi ya zubo. Gwaggo Dilys, mai shekara tamanin da takwas, ta saurare shi kwana goma, sannan ta ce tunda jinin ya ƙi zubowa da kansa, ya je wajen Malama Meinir ranar Asabar a tsaga shi.

Malama Meinir Pugh ita ta koyar da rabin garin a firamare. Tun da ta yi ritaya, shekara goma sha huɗu, duk safiyar Asabar tana ɗakin taro na bayan coci tana koya wa baƙin da suka zo suka zauna a cikinmu yare. A lokacin ɗalibanta bakwai ne. Ni ce mai dafa musu shayi, don haka ina tsaye da buta a hannu Trefor ya shigo, ya wuce kowa, ya zauna a kujerar gaba ya harɗe ƙafa.

Darasin ranar shi ne maganar abin da ake cikin yi yanzu. Malama ta ɗauki alli ta jera su a allo kamar yadda ta saba: *dw i*, ina, *rwyt ti*, kana, *mae o*, yana, *mae hi*, tana, *dan ni*, muna, *dach chi*, kuna, *maen nhw*, suna. Ba ta ajiye allin ba Trefor ya ɗaga hannu.

"Malama, guda nawa ke nan?"

"Bakwai."

"Duk don a ce mutum yana yin abu?"

"Don a san wane mutumin."

"Ni da na ajiye kaya bakwai masu aiki ɗaya a shago, da tuni na rufe."

"Nan ba shago ba ne, Trefor."

Ya waiga ya dubi kujerun da ba kowa. "Ai na gani. Ba ciniki."

Da abin ya tsaya nan, da ya wuce. Sai Clive Haywood, wani likitan haƙori da ya yi ritaya ya zo da matarsa Rosalind da akuya ɗaya, ya yi tambayar da yake yi duk mako: shi har yanzu bai gane yadda ake cewa "e" ba. Malama ta sake yi masa bayani da haƙuri, cewa mu ba mu da "e" guda ɗaya. In an tambaye ka kana jin yunwa, sai ka ce *ydw*, wato ina ji. In a kan wani ko wani abu aka yi tambayar, sai ka ce *ydy*, wato yana yi. Ta ce duka guda shida ne, kuma da sannu za su zauna.

Trefor ya miƙe. Ya ce yanzu ya gane dalilin da yare ke mutuwa: malamai ne suka ƙirƙiro wannan tarkace don su riƙe mutane a benci har tsufa. Ya tambayi Clive shekararsa nawa a ajin. Clive ya ce biyu. Ya tambaye shi ko zai iya sayen nama da yaren. Clive ya ce a'a. Nan take Trefor ya yi sanarwar buɗe Makarantar Mako Uku a garejinsa, ranar Litinin, shayi da biskit kyauta. Ya ɗauki biskit biyu daga farantina ya fita.

Tsarin nasa ba shi da wuya. Cikin bakwai ɗin nan ya zaɓi *dw i* ya zubar da shida. Cikin "e" shida ya zaɓi *ydw* ya zubar da biyar. Sauran aikin ya bar wa yatsa. In kanka kake nufi, ka ce "ina" ka nuna ƙirjinka. In wani kake nufi, ka ce "ina" ka nuna shi. In mutane ne da yawa, ka ce "ina" ka zagaya yatsan. Ya ce Allah bai ba ɗan Adam yatsu goma don ya zuba su a aljihu yana haddar allo ba.

Ɗalibai biyar suka bi shi, Clive a gaba. Biyu suka rage wa Malama: Rosalind, wadda ta ce ba ta canza likita a tsakiyar jinya, da wani tsoho ɗan Holland mai nauyin kunne wanda bai ji an yi sanarwar ba. To, dattawan coci suna da ƙa'ida, ba a buɗe ɗakin a kunna na'urar ɗumi sai ɗalibai uku sun taru. Trefor ya ji haka, ya rubuta musu takarda cewa gareji ya yi wa makarantarsa kaɗan, a ba shi ɗakin. Dattawa suka yi abin da suka fi iyawa, suka ɗage maganar sai bayan baje kolin watan Agusta.

Clive ne ya fara fita gwaji. Ya shiga shagon Caradog ranar Juma'a, shago cike, ya nuna wata cinyar rago da ke rataye, ya tambaya da ƙarfin gwiwa: "Ina da taushi?"

Caradog ya ajiye wuƙa. Ya miƙo hannu ta saman teburin yanka ya lallatsa damtsen Clive, ya girgiza kai yana murmushi.

"Da sauranka, Mista Haywood. Sai an bar ka a rataye kwana uku."

Clive murmushin kawai ya gane. Ya sayi cinyar, ya koma gareji ya ba da labarin cewa ya yi hira da mahauci, har mutanen shago sun yi ta murna.

Daga nan gari ya samu abin yi. An lura cewa duk abin da aka tambayi Trefor, *ydw* zai ce. Caradog ya tare shi ya tambaya ko aladen Tegid manomi yana ƙara ƙiba. Trefor ya ce yana ƙarawa, shi. Matar gidan waya ta tambaye shi ko magudanar bayan makaranta tana wari har yanzu. Ya amsa cewa yana yi. Mutanen da suka shekara ba su gaisa da kowa ba suka riƙa tsallako titi don su tambaye shi lafiyar tsohuwar motarsu mai yoyon mai. Trefor ya gaya wa ɗalibansa cewa tunda yake bai taɓa ganin garin da ya karɓi mutum hannu biyu irin wannan ba.

Gara in faɗi gaskiya a nan. Mu ne duk taron kwamiti muke buɗewa da kukan cewa baƙi sun cika gari, yare yana tafiya, ba mai koyo. Ga mutum shida suna ƙoƙari a kan titi, ba wanda ya gyara musu ko harafi, don kar wasan ya ƙare. Ni kaina na taɓa leƙawa ta shinge na tambaye shi ko kazata mai ruwan toka tana kwanci. Da ya amsa sai da na zauna a kan bokiti.

Gwaggo Dilys ce kaɗai ba ta shiga wasan ba. Ta kira shi ta gaya masa ƙarara cewa ya zama abin dariya, kuma sunan gidansu yake ja a ƙasa. Ya dafa kafaɗarta ya ce yaren da take yi na da ne, duniya ta ci gaba. Ta ce in ya sake dafa ta zai san tana da sanda.

A watan Yuni tsoho Wil na gonar ƙasa ya rasu. Trefor ya sa baƙar kwat ya je gaisuwa. Falo cike, matar marigayin tana zaune kanta a sunkuye da hankici a ido. Trefor ya tsaya a gabanta, ya miƙa yatsa ga hoton Wil da ke kan kabad, ya gyara murya.

"Ina da kirki," ya ce. "Ina da kyauta. Ina taimakon kowa. Yanzu ina hutawa, ina wuri mai kyau."

Matar ba ta ga yatsa ba. Ta ɗago a hankali ta dube shi.

"To, Trefor. Allah ya sa ka daɗe a can."

Mutum uku suka fita waje da tari.

Sai maganar akuya. Wata Laraba Rosalind ta tafi kasuwa, akuyar Clive ta shiga lambu ta cinye abin da bai kamata ba, cikinta ya kumbura. Clive ya kira asibitin dabbobi, ya ga dama ta samu, ya ce yau da yare zai yi. Ya tsaya a rumfa da waya a kunne, yana nuna akuya da yatsa, ya gaya wa matar da ta ɗauka cewa yana kwance a ƙasa, cikinsa yana kumbura, yana kumfa, ba ya iya tashi, kuma yana cin furen lambu tun safe. Matar ta ce kar ya motsa. Rosalind ta dawo ta tarar da motar asibiti a ƙofar gida, ƙarti biyu suna ƙoƙarin kwantar da mijinta a gadon ɗaukar marasa lafiya, shi kuma yana ta nuna rumfa yana cewa "ina mutuwa". Akuyar ta yi gyatsa ta warke da kanta. Clive ya kwana biyu yana cin abincin gwangwani, don Rosalind ta ce wanda ke cin fure ba ya bukatar girki.

Washegari Malama Meinir ta taka har gareji. Ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta taka kafet ba. Ta ce masa ba ɗakin coci ya kawo ta ba, ta zo ne kafin wani ya ji ciwo.

"Waya ba ta da ido, Trefor."

"Kakanninmu da waya suka yi yaren?"

"Da duhu fa? Da bayan ƙofa?"

"Mutumin kirki ba ya magana ta bayan ƙofa."

Ta dube shi irin kallon da take yi mana muna aji uku, ta juya ta tafi. Shi kuma ya gaya wa ɗalibansa cewa ta zo leƙen asiri.

Saura mako biyu baje koli, aka yi wa Idwal aiki a maƙogwaro. Idwal shi ke riƙe lasifika shekara talatin da ɗaya. Muka zauna taro, kowa ya dubi takalminsa. Trefor, wanda ba ɗan kwamiti ba ne amma ya zo, ya ce shi zai yi, kuma zai kawo sababbin lasifika huɗu da makirfo marar waya daga aljihunsa. Ya ɗaga hannu a gaban dattawan coci biyu da ke wurin ya yi rantsuwa cewa ko kalmar Turanci ɗaya ba za ta fita daga bakinsa ranar ba, su kuma su yi hukunci da kunnensu. Ya kamata in yi magana. Amma tsofaffin lasifikanmu tun bara suke kukan agwagwa. Na rubuta cewa an amince.

A filin Tegid ake yi. Akwai tudu a gefe ɗaya, a kansa ake ajiye ɗan ɗakin nan mai taya da ake ja da mota, a danne tayoyin da katako, mai sanarwa ya zauna ciki yana hango fili ta wata 'yar taga. Trefor ya zo tun da sassafe ya shimfiɗa masa kafet ja. Ni aikina in riƙa miƙa masa takardun sanarwa. Na rubuta su daidai, harafi da harafi. Ya karɓi ta farko, ya zaro biro, ya soke "yana" ya rubuta "ina", ya ce kar in damu, kowa yana kuskure.

Ƙarfe goma lasifika huɗu suka buɗe a kan mutum ɗari huɗu.

"Barkanku da zuwa. Ina tare ƙofar shiga. Ina da launin shuɗi, ina da taɓo a baya. Ina bukatar a matsar da ni."

Ina kallonsa ta ƙofa, yatsansa a manne da gilashin taga yana nuna wata shuɗiyar mota da ta tare hanya. Daga ƙasa ba mai ganin ko tagar. Sai dariya ta taso daga wajen tumaki ta bi layi har tantin shayi.

Da aka zo gasar raguna abin ya ƙaru. Trefor ya sanar cewa yana cin na ɗaya, yana da shekara huɗu, yana da nauyin kilo ɗari da goma, yana da faɗin baya da ƙafafu masu kyau, kuma duk mai tumaki da ke bukatarsa a watan Oktoba ya ga Tegid. Wata tsohuwa ta ce ai sai a fara duba haƙoransa. A gasar kaji yana yin ƙwai shida a mako. A gasar kabewa yana da ɗan ruɓewa ta ƙasa amma alƙalai sun yafe. Mutane suka bar kallon dabbobi, suka jawo kujeru suka zauna ƙarƙashin lasifika. Duk sanarwa tafi. Trefor ya juyo ya tambaye ni ko an taɓa yi wa Idwal tafi haka. Na ce ba a taɓa ba, kuma ban yi ƙarya ba.

Wajen ƙarfe biyu na sauka in karɓo sakamakon gasar kek, na aiki Rosalind ta kai masa shayi. A daidai lokacin lasifikar da ke kusa da garken shanu ta yi wata irin ƙara mai soke kunne. Baƙin bijimin Tegid, wanda tun safe yake jin haushin hayaniyar, ya sa ƙaho ya ɗage ƙyauren ya fita ta baya. Ba wanda ya gani sai mutumin da ke kan tudu. Kuma a ba shi haƙƙinsa, bai ɓata lokaci ba.

"Ina sake," lasifika ta ce. "Ina huci. Ina da ƙaho. Ina tahowa ta bayan tantin kek, ina gudu."

Aka kwashe da tafi. Caradog ya haɗa hannu a baki ya ce ya taho, ana jiransa. Ina cikin tantin da mata kusan talatin da yara, muna ta share hawayen dariya.

Rosalind tana bakin ƙofar ɗakin da kofi a hannu. Ta bi yatsan da ido ta ga abin da yake nunawa. Matar nan shekara biyu tana aji ba ta taɓa yarda ta faɗi jimla ɗaya a gaban mutane ba. Ta saki kofin, ta fizge makirfo, sai muka ji wata siririyar murya tana bin jerin allon Malama daga sama kamar mai hawa tsani.

"*Dw i*... *rwyt ti*... *mae o*. *Mae o*. Bijimi. Yana zuwa. Yana bayan tanti."

Ban taɓa ganin tanti ya zama wayam da sauri haka ba. Muna fita ta gaba, bijimi yana shigowa ta baya. Ya bi ta tsakiyar tebura, ya fito da farin mayafin tebur a ƙaho da kek ɗin da ya ci na ɗaya a goshi. Ba wanda ya ji ko ƙwarzane. Ya yi kwana ya haura tudu, ya bangaji ɗakin sanarwa a wucewa, ya sauko ta ɗaya gefen ya nufi ƙofar fili, duk mazan gari a bayansa. Rosalind tuni ta ajiye makirfo ta sauko neman mijinta.

Bangazar nan ta fitar da katakon da ke danne da taya. Kowa idonsa yana kan bijimi, ɗakin ya gangara ta bayan tudu a hankali, ya ratsa shinge, ya je ya zauna a taɓon bakin rafi. Ƙofar ta lanƙwashe, ba ta buɗuwa sai ta waje.

An kama bijimi, ana mayar da numfashi, sai lasifika ta sake magana.

"Ina maƙale. Ina cikin taɓo. Ina nutsewa."

Nan fa aka shiga neman abin da ya maƙale. Tegid ya ƙirga shanunsa, sun cika. Aka duba raguna, aka duba wurin ajiye motoci. Caradog ya ce tarakta ce, ya ɗebi mutum biyar suka tafi ƙasan fili. Wata mata ta ce ita dai ba ta ga surukarta ba tun rana.

"Trefor ne," lasifika ta ce. "Trefor ke magana. Ina maƙale."

Wani ya ɗaga murya ya ce ai an san mai maganar, ya faɗi wanda ya maƙale.

Kalma uku na Turanci da sun fitar da shi. Bai faɗa ba. Rabin awa yana faɗin gaskiya tsantsa da yare mai kyau, jimlolin farko da ya taɓa yi daidai a rayuwarsa, mutum ɗari huɗu suna leƙa ƙarƙashin motoci.

Gwaggo Dilys tana zaune a kujerarta tun safe, fuskarta tana kallon tudu. Na zo wucewa ta ce in kira mata Meinir. Da Malama ta zo, ta nuna mata tudun da sanda, ta ce ɗakin da ke can ya tafi rafi da ɗan ƙaninta a ciki. Na tambaye ta tun yaushe ta sani. Ta ce tun yana tafiya, amma shayinta da zafi a lokacin.

Duk fili ya bi Malama zuwa bakin rafi, har da Gwaggo, mutum biyu suna ɗauke da kujerarta. Ruwa ya shiga ɗakin ya kai wa Trefor idon sawu, jan kafet yana iyo. Fuskarsa ta cika 'yar tagar, makirfo har yanzu a hannunsa, a kunne. Malama ta shiga taɓo da takalmin roba, ta kama mariƙin ƙofa, ba ta murɗa ba.

"Wa ya maƙale?"

"*Dw i*. Ina maƙale. Malama, buɗe."

"Daidai. Ni fa, me nake yi?"

Ya ɗaga yatsa. Ta ce ya mayar da shi aljihu. Lasifika huɗu suka yi ta watsa numfashinsa a fili. Rosalind ta matso ta raɗa masa ta taga.

"*Rwyt ti*," ya ce. "Kina riƙe da ƙofa."

"Bijimi fa?"

"*Mae o*. Yana garke."

"Gwaggonka?"

Ya dubi tsohuwar. "*Mae hi*. Tana kallona."

"Tana," in ji Gwaggo Dilys.

Malama ta bi da shi ta "muna" da "kuna", ya yi tuntuɓe sau biyu, ta sa ya maimaita. Sannan ta matsa gefe don ya ga bakin rafi da kyau, ta tambaye shi su waɗannan fa. Trefor ya daɗe yana kallon mutanen da suka yi wata huɗu suna tsallako titi don su gaishe shi. Ga Caradog, ga matar gidan waya, ga ni.

"*Maen nhw*," ya ce a hankali. "Suna dariya."

Sai dariyar ta ɗan yi sanyi. Malama ta murɗa ƙofa.

Dattawan coci ba su ma zauna a kan maganar ɗakin ba. Asabar ta gaba mutum goma sha ɗaya ne a ajin Malama Meinir, Clive a kujerar baya. Trefor bai zo ba. Mako biyu labulensa a sauke, sai Gwaggo da ke shiga da kwanon miya. Na fara tunanin zai sayar da gidan.

A mako na uku ya fito da fara'arsa, da littafin da ya ara wajen Rosalind a hammata. Ya tare ni a shinge ya ce ya gano inda matsalar take. Ba shi ba ne, lokacin ne. Ya buɗe shafi ya nuna mini: a yaren nan namu na arewa, in abin da ya riga ya wuce za ka faɗa, kalma ɗaya ce, *ddaru*, ta ishi ni da kai da shi da su. "E" ɗin ma ɗaya ce tak, *do*. Ya tambaye ni ko ƙarya ne. Na duba, na ga haka yake.

Tun daga ranar Trefor bai sake faɗin komai a kan yau ba. Ka tambaye shi ko yana son shayi, sai ya gaya maka ya sha jiya. Ka tambaye shi ina za shi, sai ya ce ya je bara. Kuma ba kuskure ko ɗaya.

Akwai wani benci a gaban gidan waya inda tsofaffin garin suke zama daga safe zuwa azahar, su Idwal da abokansa. Shekara da shekaru ba su taɓa matsa wa baƙo ba. Wata safiya Trefor ya tsaya kusa da su ya ce da yare an yi dusar ƙanƙara mai yawa shekarar da aka tafi da shi. Idwal ya ce an yi. Wani ya ce shekarar ce gadar ƙasa ta karye. Suka muskuta suka ba shi wuri. Yana can har yanzu, kullum, kuma cikinsu ba wanda ya lura da wani abu, don su ma rabon da su yi maganar yau tun kafin a kawo wutar lantarki.